Gawon da Kaka ya bari a gona

Duk wanda ya bar Wudil ya nufi Indabo da rani zai ga abin da idonmu ya saba da shi har muka daina lura. An kwashe amfanin gona, ƙasa ta bushe, amma ga itatuwa tsaye jefi-jefi a cikin gonaki: ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya da gawo. Kowace bishiya da mai ita. Wani manomi ne ya gan ta tun tana tsiro, ya kauce mata da fartanya, ya bar wa jikokinsa.

Dalilinsa yana cikin tukunya. Daga kalwar ɗorawa ake yin daddawa, daga ganyen kuka ake kaɗa miya, tsamiya kuwa ita ke gyara kunun buɗa baki. A shekarar da hatsi ya gaza, kamar farin 1973, waɗannan itatuwa na cikin abin da ya riƙe gidaje. Shi ko gawo halinsa daban. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, sai rani ya yi ya tofo. Dabbobi su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar taki. Shi ya sa dawar da ke ƙarƙashinsa ke fin ta gefe kyau.

Baƙi ma sun shaida. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya lissafa ƙasarta cikin mafiya albarka a duniya. Bayan fiye da ƙarni guda, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin. Ya tarar da cewa duk da cunkoson jama'a, itatuwan gona ba su ƙare ba, domin manomi sassabe reshe yake yi, ya bar uwar. A Damagaram kuwa, ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ya sanya hukunci mai tsanani kan duk wanda ya sare gawo.

'Yan'uwanmu na Maraɗi sun ɗanɗana abin da ke faruwa idan wannan igiya ta tsinke. Dokar daji da Faransawa suka kafa a 1935 ta ɗora ikon itatuwa a hannun hukuma. Da bishiya ta zama abin da za a ci mutum tara a kansa, sai manomi ya daina renonta. Aka share gonaki ƙarƙaf. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mata suna cin doguwar tafiya neman itacen girki, ga farin 1984 ya zo ya tarar da ƙasa tsirara.

Maganin ma a cikin gonar yake. Daga 1983, wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka fara renon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture: a zaɓi masu ƙarfi, a rage sauran. Suka kira shi sassaben zamani. Da manoma suka tabbata cewa itacen nasu ne, sai abin ya bazu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Mu yanzu namu gwajin ya zo ta hanyar tsadar gas da kananzir. Buhunan gawayi sun jeru a bakin titi, injin yanka yana kayar da ɗorawar da ta shekara hamsin cikin sa'a guda. Ba za mu zargi magidancin da matsi ya sa ya sayar ba. Sai dai kuɗin yakan ƙare cikin mako, daddawa ta koma ta saye, zafin bazara ya sami tsofaffi da yara babu wurin fakewa.

Damina na tafe. Idan muka fita sharar gona muka ci karo da tohon gawo a gindin kututture, mu tuna cewa inuwar da muke hutawa a cikinta wani ne ya kauce mata da fartanya.