Tarihin wani ƙamus da aka ceto daga tsofaffin baƙaƙe

Tun shekarar 1973, lokacin da aka buɗa makarantar gwaji ta farko a birnin Zinder domin karantar da yara cikin hausa kafin faransanci, malamin ƙasar Damagaram yake bukatar abu guda wanda allo da alli ba su ba shi: ƙamus da zai dogara gare shi. Bukatar ta fi tsanani a ƙauyuka, kamar na gundumar Droum, inda malami ba ya da ɗakin karatu kusa, ba ya kuma da wanda zai tambaya ko kalma da k ake rubuta ta ko da ƙ.

Ƙamusoshi ba su yi ƙaranci ba. Landeroin da Tilho sun bar nasu tun farkon zamanin Turawa, Bargery ya fitar da nasa a 1934, Abdou Mijinguini ya wallafa ƙaramin ƙamusunsa na hausa zuwa faransanci a 1987. Wanda ya shafi wannan bayani shi ne na shirin Soutéba, da aka fitar a 2008 domin makarantun firamare, mai kalmomi 7823, bisa ƙa'idojin rubutun da gwamnatin Nijar ta tsai da a 1999.

An shirya shi cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma a nan ne matsalar ta ɓuya. Shekaru da dama masu buga harsunan ƙasa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a madanninsu. Dabarar da suka yi ita ce su sassaƙa tufafin baƙaƙe na musamman, su ɗauke wata alama da ba su bukata, su sa baƙi mai lanƙwasa a gurbinta. Ido yana ganin ƙ, na'ura kuwa a cikinta wata alama dabam take riƙe da ita. Muddin tufafin suna nan, kome lafiya. Ranar da aka kai rubutun wata na'ura, sai kalmomi su dagule, a kasa neman ko ɗaya, balle a ƙirga su ko a jera. Abin mamaki, tsarin Unicode, wanda ya ba kowane baƙi lambarsa ta dindindin, ya fito tun 1991. Sabo ne da rashin horo suka tsawaita ran tsohuwar dabara.

Aikin ceton ya zo ta hanyar shirin DiLAF, wanda ya haɗa masana na Nijar, Mali da Burkina Faso da na jami'o'in Faransa, cikinsu har da Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot. Harsuna biyar ya ɗauka: hausa, barbarci, zabarmanci, buzanci da bambaranci. Biyu na farko su ne harsunan da tarihin Damagaram ya gauraya. Ba a rubuta sabon ƙamus ba. An bi tsohon ne, aka mayar da kowane baƙi ga lambarsa ta Unicode, sa'an nan aka rarrabe gaɓoɓin kowace kalma, wato furuci, jinsi, jam'i, ma'ana, misali da fassara, aka sa wa kowace alamarta cikin tsarin XML. Marubutan farko sun bambanta waɗannan gaɓoɓi da kaurin rubutu ko karkatarsa kawai, kuma hannun mutum ba ya bin ƙa'ida ɗaya cikin kalmomi dubu bakwai. Don haka duk inda aka kauce sai da masanin harshe ya zauna ya gyara. Barbarci ma ya zo da nasa tarkon, domin Unicode na da baƙaƙe biyu masu kama da e a kife, ido ba ya raba su, na'ura kuwa tana rabawa.

Akwai kuma batun jeri. A wannan ƙamus sh, ts, gw, ky, ƙw da ire-irensu baƙaƙe ne masu zaman kansu, kowane da matsayinsa. Na'urar da aka koya wa faransanci ba ta san haka ba, sai an faɗa mata.

Daga baya aka ɗora ƙamusoshin bisa Jibiki, manhaja mai buɗaɗɗen tushe da ta samo asali daga shirin Papillon, aka kuma gabatar da aikin a taron TALAf na Grenoble a 2012. Buɗaɗɗen tushe na nufin kowa na da izinin dubawa da gyarawa. Izini dai ba ma'aikaci ba ne. Shirye-shirye irin Soutéba da DiLAF da kuɗin wa'adi suke tafiya, manhaja kuwa tana tsufa duk lokacin da na'urorin da ke ɗauke da ita suka sake, ƙamus ma yana tsufa da shigowar sababbin kalmomi. Masu tsara yaƙi da jahilci sun saba sa kuɗin buga littafi cikin kasafi. Abin da ya kamata su ƙara shi ne albashin mutum biyu a wata cibiya ta ƙasa, masanin harshe da masanin na'ura, waɗanda za su riƙe ainihin ƙamusun, su kuma karɓi gyaran da malamin Droum zai aiko idan ya tarar kalmar garinsu ba ta ciki.