Sauya fitilun dashbod zuwa LED a tsohuwar mota: abin da ya kamata a sani

Motocin da suka kwana biyu, irin su Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ƙananan ƙwayayen fitila masu siririn zare ne ke haska dashbod ɗinsu da makunnansu. Suna zafi, suna dusashewa, shi ya sa masu mota ke komawa ga LED, wadda ta fi haske kuma ba ta cin wuta sosai.

LED ta hanya ɗaya kawai take karɓar wuta. Idan an saka ta ba ta kama ba, a zare ta a juya, galibi ba lalacewa ta yi ba. Kuma ko da yake ana cewa wutar mota volt 12 ce, tana kaiwa kusan 14 idan inji na aiki, alhali LED tsura volt 2 zuwa 3 take buƙata. Samfurin T5 da T10 da ake sayarwa don mota suna zuwa da risista a ciki. Wadda za a haɗa da hannu a cikin makunni kuwa, sai an sa mata risista mai ohm 560 zuwa 680, in ba haka ba nan take za ta ƙone.

Inda ake tafka asara shi ne jar fitilar nan mai hoton batir. A yawancin tsofaffin motoci ba gargaɗi kaɗai take yi ba: ta cikinta ne ƴar wutar da ke tayar da altaneta take bi. Wutar da LED ke bari ta wuce ba ta isa wannan aiki ba, don haka altaneta na iya ƙin yin caji sai an taka totur sosai, ko ma ta ƙi gaba ɗaya. Mutum ya yi ta tafiya a kan batir bai sani ba, har motar ta mutu masa a hanya. Wannan ƙwan a bar shi yadda kamfani ya sa shi.

Motar da fitila ɗaya ke nuna siginar hagu da dama ma tana iya ba da matsala, domin LED za ta kama a ɓangare ɗaya ne kawai. Madannin rage haske shi ma yakan daina tasiri.

Kafin a taɓa waya, a cire kan batir mai alamar (-). Bayan an gama, mai gyaran waya ya tayar da inji ya auna batir: ya kamata a ga volt 13.5 zuwa 14.5.