Aikin Mata a Kan Kayan Lambu a Tarihin Ƙasar Hausa

Duk lokacin da aka ɗauko zancen tattalin arzikin ƙasar Hausa a aji, sai ka ji ana ta ambaton fatake, da marina, da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da dalar gyaɗa. Ba na musun muhimmancin waɗannan. Amma a nan ina so in jawo hankalin 'yan'uwa ɗalibai zuwa ga wani aiki da ba a cika rubuta shi ba, wato abin da mata ke yi da kayan lambu bayan maigida ya kawo su gida.

Kayan lambu ba su da haƙuri irin na gero da dawa. Hatsi ya shekara a rumbu, amma kuɓewa ko tumatir kwana kaɗan ne sun lalace. Sa'an nan kuma a tare suke nuna, kasuwa ta cika, kuɗinsu ya faɗi. Manomi ya iya shuka da ban ruwa. Dabarar kai amfanin zuwa watan da babu shi kuwa, a tsakar gida aka ƙago ta. Mace ce ke yayyanka kuɓewa ta shanya ta daka, har a sami miyar busasshiyar kuɓewa a tsakiyar bazara. Ita ce ke kirɓa lawashin albasa ta dunƙula ta shanya ya zama gabu, alhali ganye ne da ba don ita ba sai a zubar. Ko 'ya'yan yakuwa, wato gurguzu, ba ta bar su ba: ta dafa, ta rufe su har su ruɓa daidai gwargwado, ta fitar da daddawar batso. Wanda bai san wuyar wannan aiki ba ya gwada gane ranar da ya kamata a buɗe tukunyar.

Ya kamata mu tuna cewa barkono da tumatir ba 'yan asalin nan ba ne, daga nahiyar Amurka suka yaɗu cikin duniya bayan 1492. Da suka iso, ba a aiko su da takardar bayani ba. Matan ne suka sa su cikin tsohuwar dabarar shanya, barkono ya shiga yaji, tumatir ya zama kauɗa.

To, me ya sa tarihi ya yi shiru? A ganina, saboda cinikin ba a rumfar kasuwa ake yinsa ba, don haka marubuta ba su gan shi ba. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972, ta nuna cewa matan kulle suna da kasuwa cikakkiya a cikin gidaje, har ta kamanta ta da saƙar zuma. Yara 'yan talla su ne ƙafafun wannan kasuwa. Da ribarta ake yin adashi, a sayi akuya, a tara wa 'ya kayan ɗaki. Kuɗin kuma na matar ne, miji ba shi da iko a kansu.

Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, tumatir ya yi yawan da tsakar gida ba za ta ɗauka ba. Sai shanya ta fita fili, maza suka shige ta da buhuna da motoci, sunan sana'ar ya koma nasu. Hankalin hukuma kuma ya tafi ga injin. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, amma a shekarar nan tsutsar da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya don rashin abin niƙawa, ɗanyen tumatir ya gagari talaka. Gidaje da yawa da kauɗa suka yi miya.

Ina roƙon malamanmu, idan za a raba batutuwan kundin digiri, a tura wasunmu wurin tsofaffin mata a Kura da Batagarawa da Galmi ta ƙasar Nijar, garin albasa, a rubuta yadda suke aikin da kalmomin da suke kiransa da su, tun suna raye.