Makarantun Rosenwald na Baƙar Fata a Kudancin Amurka, da Yadda Suka Zama Kayan Tarihi

A shekara ta 1896 Kotun Ƙoli ta Amurka ta halatta raba Baƙaƙe da Turawa a wuraren jama'a, bisa sharaɗin a yi wa kowa daidai. Rabuwa ta tabbata, amma daidaito bai samu ba. A karkarar jihohin kudu, ƴaƴan Baƙaƙe sukan yi karatu cikin majami'u da bukkoki, ƴan watanni kaɗan a shekara, idan aikin auduga ya sarara.

A 1912 ne Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee ta jihar Alabama, ya shawo kan attajirin nan Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, aka gina ƙananan makarantu shida don gwaji. Kafin a tsai da shirin a 1932, an gina makarantu 4,977, da gidajen malamai 217, da ɗakunan koyon sana'a 163, cikin jihohi 15.

Sunan Rosenwald ne ya bi makarantun, amma ba kyauta aka same su ba. Asusunsa ba ya sakin kuɗi sai mutanen gari sun kawo nasu, hukumar ilimi kuma ta yarda za ta riƙe makarantar. Talakawa masu noma gonar wani a raba amfani suka yi ta karo-karo: wani ya ba da fili, wani katako, wani ƙarfin jikinsa. Da aka yi lissafi, gudummawar Baƙaƙe ta kai wajen dala miliyan 4.7, ta asusun kuwa wajen miliyan 4.3. Mafi yawan kuɗin kuwa daga baitulmali ya fito, kuma a can ma akwai harajinsu. Ke nan sau biyu suka biya. Ginin kansa an yi shi da dabara. Da yake babu lantarki, sai aka jera manyan tagogi gabas ko yamma don hasken rana, bangon tsakiya kuma akan ture shi azuzuwa biyu su koma zauren taron gari.

Bayan hukuncin 1954 da ya haramta wariya a makarantun gwamnati, sannu a hankali aka rufe yawancinsu. Dubban malamai baƙaƙe suka rasa aiki. Wasu gine-ginen suka koma ma'ajiyar ciyawa, wasu suka rushe.

A 2002 babbar ƙungiyar kare kayan tarihi ta ƙasar ta sa su cikin jerin wuraren da ake tsoron ɓacewarsu. An ƙiyasta cewa wajen ɗaya cikin goma ne kawai suka rage. Ana iya tambaya: mene ne amfanin adana shaidar wulaƙanci? Amma galibin masu fafutukar gyaran tsofaffin ɗalibai ne da jikokinsu, kuma abin da suke karewa gumin iyayensu ne. Makarantar Ridgeley ta jihar Maryland, wadda aka gina a 1927, an gyara ta, aka mai da ita gidan tarihi.