Tashar Rahama da Ƙaramin Jirgin Kuza, 1912–1957

Duk wanda ya dubi taswirar hanyoyin dogo na Nijeriya a yau ba zai ga wani layi tsakanin Zariya da Jos ba. Amma an yi shekara 40 da ɗoriya jirgi yana bin wannan hanya, ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre. Wannan maƙala za ta dubi Rahama, wadda ke cikin ƙasar Lere, domin tarihinta ya nuna yadda Turawan mulkin mallaka suke kafa tasha don biyan bukatar masana'anta, su kuma bar ta da zarar bukatar ta kau.

Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa suna narka kuza a Ririwai. Bayan da Kamfanin Neja ya kama aikin haƙa a Naraguta a farkon ƙarni na 20, matsalar da ta fi damunsa ita ce ta sufuri. A ka ake ɗaukar kuza zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwana da kwanaki, kuma duk ɗan dakon da ke kan hanya an yi asarar hannunsa a ramin haƙa. Wannan ne ya sa kamfanoni suka matsa wa gwamnati, har aka fara shimfiɗa layi daga Zariya a 1911. Don a rage kuɗi sai aka yi shi siriri, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali na babban layin Kano ƙafa 3 ne da inci 6. Sunan Bauci aka sa masa, saboda a lokacin filayen kuza suna cikin Lardin Bauci, ko da yake bai taɓa shiga birnin Yakubu ba.

A 1912 layin ya kai Rahama, kimanin mil 90 daga Zariya, ya tsaya nan. Wannan ɗan lokaci shi ne ganiyar tashar, domin a nan ake sauke injuna da hatsi da ma'aikata, a nan kuma 'yan dako suke ajiye kuzar da suka gangaro da ita daga kan dutse. Da aka ƙarasa aikin zuwa Bukuru a 1914, tsawon mil 143 ke nan, sai Rahama ta koma zango kawai.

Tarihin tashar ya shafi ƙasar Zamfara ta fuskar leburori. Dogo bai taɓa isa Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ba. Iyakarsa Gusau da Ƙauran Namoda, inda ya kai a 1929. Ɗan cin rani daga waɗannan gundumomi na Lardin Sakkwato, in ya nufi Jos ta gajeruwar hanya, sai ya taka zuwa ɗaya daga cikin tashoshin nan biyu, ya sauka Zariya, sannan ya sake jirgi, tun da taragon babban layi ba ya hawa ƙarami. Ba kowa ne kuma ya je don ra'ayin kansa ba. Da Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar majiyarta ta kuza, sai aka ɗora wa En'e-En'e nauyin kawo mutane. Wannan aikin tilas, da talakawa suka kira diban gwamna, ya ci gaba har 1944, kuma sanyin dutse da ƙarancin abinci da cuta sun hallaka mutane da dama. Lissafin ribar layin bai ƙunshi wannan ba.

Mutuwar layin kuwa ta faro tun 1927, lokacin da babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan. Daga nan kwal ɗin Inugu ya riƙa hawowa kai tsaye, kuza kuma ta riƙa gangarawa Fatakwal ba tare da an juye kaya a Zariya ba. Abin da ya rage wa ƙaramin jirgi shi ne fasinja da amfanin gona, su ma motocin lori suka kwashe. A 1957 aka rufe shi. Wasu daga cikin kawunan jirgin suna ajiye a gidan tarihi na Jos, matafiyi daga Mafara kuwa mota yake shiga, ya bi ta Pambeguwa da Saminaka.