Dokar Kulle a Kano, 2020: Tsakanin Umarnin Gwamnati da Neman Abinci

Cutar korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ta shigo Nijeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, amma ba a tabbatar da ita a Kano ba sai ranar 11 ga Afrilu. Kwana biyar bayan haka Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sanya dokar kulle ta mako guda, wato hana fita daga gida da rufe kasuwanni da masallatai da tashoshin mota, sannan ranar 27 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da ita umarnin tarayya na mako biyu, wanda daga baya aka tsawaita. Ikon da shugaban ya dogara da shi wajen irin waɗannan matakai ya fito ne daga Dokar Killacewa ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari.

Tsarin kulle, kamar yadda aka aro shi daga Turai, ya ginu ne a kan zaton cewa magidanci yana da albashi, da famfo a gida, da abincin da zai ajiye na kwanaki. Mafi yawan mutanen Kano kuwa hannu baka hannu ƙwarya suke rayuwa, domin ɗan dako a kasuwar Singa ko Kantin Kwari, da direban adaidaita sahu, da tela, da mai shayi, sai sun fita kafin a ɗora tukunya a gidajensu. Shawarar yawan wanke hannu ta iske unguwannin da ke sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa, shawarar ba da tazara kuma ta iske gidajen cikin birni inda iyalai da dama ke zaune a tsakar gida ɗaya. Bugu da ƙari azumin Ramadan ya kama ranar 24 ga Afrilu, cikin tsananin zafin bazara, aka hana tarukan tafsiri da jam'in tarawihi, abin da tsofaffin garin ba su taɓa gani ba.

A daidai wannan lokaci ne mace-mace suka yawaita a birnin, kuma masu haƙa kabari ne suka fara bayyana wa 'yan jarida cewa gawawwakin da ake kawowa sun zarce yadda aka saba. Wannan bai zo da mamaki ba ga wanda ya san cewa ba a cika yi wa mutuwa rajista ba, ana kuma binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan bisa koyarwar Musulunci, saboda haka lissafin da ya fi kusa da gaskiya yana hannun ma'aikatan maƙabarta. Ɗakin gwajin cutar da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya dakatar da aiki na wasu kwanaki ana tsakiyar wannan hali, asibitoci masu zaman kansu da yawa kuma sun rage karɓar marasa lafiya don tsoro, lamarin da ya bar masu ciwon suga da hawan jini ba kulawa. Gwamnatin jiha ta fara danganta mace-macen da waɗannan cututtuka da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Daga baya tawagar tarayya ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo ta yi binciken baka, wato tambayar iyalan mamaci alamomin rashin lafiyarsa don a ƙiyasta sanadin rasuwa, kuma a watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya sanar da cewa cikin mutum 979 da aka ƙirga a ƙananan hukumomi takwas na birni, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona, galibinsu dattawa.

Matakin da ya fi jawo suka shi ne mayar da almajirai jihohinsu na asali, wanda gwamnonin Arewa suka amince da shi a watan Afrilu. An kwashe yara a motoci ana tsaka da dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi, sai ga hukumomin Kaduna da Jigawa suna ba da rahoton samun cutar a jikin da dama daga cikin waɗanda aka kai musu, wato manufar da aka ƙirƙiro don daƙile yaɗuwa ta ba cutar abin hawa. Shakkun da jama'a suka nuna game da cutar ma yana da tushe a tarihi, domin Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin sanƙarau a 1996 ba, kuma a nan aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Tun farkon Mayu dokar ta fara sassautowa, inda aka ware Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma don sayayya, aka buɗe kasuwannin 'Yankaba da 'Yan Lemo, sai dai tara cefanen kwanaki cikin sa'o'i shida ya haifar da irin cunkoson da ake gudu. Kafin ƙaramar salla gwamnatin jiha ta amince a yi Juma'a da Idi da sharaɗin sanya takunkumi, duk da cewa kwamitin shugaban ƙasa kan korona ƙarƙashin Boss Mustapha yana gargaɗi a kan taruwa, amma an soke hawan salla. An ɗage kullen gaba ɗaya a farkon Yuli, maniyyata ba su sami zuwa aikin Hajji a shekarar ba, kuma rukunin farko na allurar rigakafi, kusan miliyan 4 na AstraZeneca, bai sauka a Abuja ba sai ranar 2 ga Maris 2021.