Yadda wasanni suka taimaka wajen ɗinke Nijeriya bayan Turawa

A Jajimaji na taso, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, kan hanyar Nguru zuwa Gashuwa. Da an gama girbin gero sai dandali ya cika da kokawa da langa. A lokacin na ɗauka wasan ƙauye ne kawai. Sai da na zauna a Kudu na gane cewa wasa na cikin abubuwan da aka gina ƙasar nan da su.

Bayan samun 'yanci a 1960, ɗan dambe Dick Tiger ya doke Gene Fullmer na Amurka a filin Liberty da ke Ibadan a 1963, ya kare kambinsa na duniya. Daga nan yaƙin basasa ya ɓarke, 1967 zuwa 1970. Da ƙura ta lafa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓi gasar wasannin Afirka a Surulere a 1973. A shekarar ne kuma ta ƙirƙiro Bikin Wasanni na Ƙasa, domin matasan da yaƙi ya raba su haɗu a fili ɗaya. Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977. Daga baya dambe da kokawa da langa suka samu gurbi a ciki.

Maƙwabtanmu ma haka suka yi. A 1975, zamanin Seyni Kountché, Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tahoua, wadda zakaranta ke tafiya da takobi har gobe.

Ƙwallon ƙafa ce ta fi haɗa kanmu. Green Eagles sun ci kofin Afirka a Legas a 1980, bayan lallasa Aljeriya 3-0. A Atlanta a 1996, Garba Lawal da Tijjani Babangida na cikin waɗanda suka ciyo zinare tare da Nwankwo Kanu.

Abin da ke damuna shi ne, Yobe ta samu jiha tun 27 ga Agusta 1991, tana da Yobe Desert Stars, amma yaron Jajimaji sai ya yi sa'a kafin mai horarwa ya ganshi. Namu na Agege da Sabon Ibadan kuwa filaye na kusa da su. Iyaye, ku bar su su je, bayan makaranta da Islamiyya.